Gwangwanin Baƙin Man Baba Ilu

Akwai wani tsohon gwangwanin madara a saman kantar garejina, da guntun tsumma cuse a bakinsa. Duk wanda ya zo koyon aiki, in dai an ba shi tsintsiya, sai ya yi yunƙurin jefar da shi. Na hana, kuma zan ci gaba da hanawa. Ɗazu da aka sauke injin yankan ciyawa a ƙofar garejin nan kuka kama dariya, har ɗayanku yana cewa wannan ai wasan yara ne, a waya ma ya ga yadda ake gyara shi. To, ku ja benci ku zauna in ba ku labarin gwangwanin. Mutumin da kuke kallo a waya a kan siminti mai tsabta yake aiki, abin da ya lalace kuma kwali kawai zai buɗe ya ɗauko sabo. Mu a Gumel muke, a kan yashi, kuma ba mu da kwalin.

Sunana Sabo, amma daga Gagarawa har Maigatari in ba ka ce Sabo Mai Inji ba, ba wanda zai nuna maka inda nake. Ɗan Ɗanzomo ne ni. Mahaifina ya kawo ni Gumel ya danƙa ni a hannun marigayi Malam Buba, mai gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa. Na daɗe a wurinsa ban taɓa sifana ba. Aikina wankin noti da washa a cikin rabin jarkar kalanzir, har fatar yatsuna ta riƙa saɓulewa. Bayan nan ya koya mini jera kaya: ka shimfiɗa buhu, duk abin da ka kwance ka ajiye shi a bayan ɗan’uwansa, daga dama zuwa hagu, domin in ka tashi mayarwa ka biyo layin ka dawo. Idan ya ga ka watsa noti a ƙasa ba ya faɗa, sai ya sa ƙafa ya tura su cikin yashi ya koma ya zauna, kai kuma ka wuni kana rairaya. Abin da ya fi nanata mana shi ne kada mu kwance abin da bai yi mana laifi ba, mu bi ƙarfin inji tun daga inda ya taso har mu ga inda ya tsaya. Da ya rasu, magagarinsa aka ba ni, da filaya mai dogon baki. Su ne waɗannan da nake hana ku ɗauka.

Injin ciyawa ba shi da yawa a ƙasarmu, kuma dalilin a fili yake. Mu ba mu ɗauki ciyawa datti ba, abincin dabba ce. Ranar da na fara tayar da irinsa a gaban mutane, wani dattijo ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni ko mai injin ba shi da ko akuya ne. Masu shi dai makarantun kwana ne, da gidajen saukar baƙi, da masu kula da filin ƙwallo, da wasu alhazai da suka gani a wani wuri suka yi sha’awa. Kusan duk na gwanjo ne, ta Maigatari suke shigowa, sun riga sun ci duniyarsu a ƙasar da suka fito.

Bari in gaya muku abin da ke cikinsa, tunda kun ce wasa ne. Iri biyu ne: akwai wanda kai za ka tura, akwai mai tafiya da kansa, kai dai ka riƙe ka bi shi. A mai tafiya da kansa, ƙarfen da ke juya wuƙa a ƙasa yana ɗauke da fuli. Bel ya taso daga fulin nan ya je ga wani ƙaramin giyabos da ke tsakanin tayoyin baya. Idan ka matse liba a hannu, waya ta ja, bel ya ɗame, giyabos ya juya wani dogon ƙarfe. A kowane bakin ƙarfen akwai ’yar giya wadda ke cizon haƙoran da ke cikin taya. A cikin ’yar giyar kuma akwai ɗan guntun ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ni sakata nake ce masa, yana zaune a kan wani siririn sifirin. Shi ke kama giyar idan za a yi gaba, ya sake ta idan ka ja injin baya ko za ka yi kwana. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ya yi gardama, inji zai yi ta kuka, wuƙa na yanka, amma ba zai gusa daga inda yake ba.

Masu kawo gyara kuma kowa da irin tasa. An taɓa kawo mini wani daga Sule Tankarkar gabansa duk ya lotse. Ashe maigadi ne ya gaji da matse liba, ya ɗaure ta da robar tayar keke, ya juya zai amsa sallama, injin ya yi tafiyarsa shi kaɗai har sai da ya haɗu da akurkin kaji. Wani kuma ya kwance tayoyi don ya wanke, ya mayar da giyar dama a hagu, ta hagu a dama, ya zo yana rantsuwa an yi wa injin asiri. Waɗannan duk abin dariya ne. Na Baba Ilu ne ba na dariya ba.

A shekarar da aka rufe boda ne. Ku da kuke ƙanana ba za ku san yadda ta yi mana ba. Kasuwar Maigatari da muke zuwa mu tsinci kayan gyara ta bushe, fetur ma ya zama sai an yi ’yar ɓuya kafin a samu. Masu injin ban-ruwa suka jingine injinansu, garejin nan ya yi shiru, mu wuni muna korar ƙuda. Abin da a da za mu cire mu jefar, a shekarar sai dai mu liƙe, mu ɗaure, mu goge mu mayar. A cikin daminar wannan shekara wata a-kori-kura ta tsaya a nan ƙofar, aka sauko da wani jan injin ciyawa, sannan direba ya kama hannun wani tsoho ya sauko da shi da ƙyar.

Shi ne Baba Ilu. Zai yi sa’an mahaifina. Yawancin rayuwarsa korar amalanken shanu ya yi, yana ɗaukar gero da taki tsakanin ƙauyukan Gagarawa, har ranar da amalanke ya kife da shi a wani kwari da kaya a kai, ya bi ta kan ƙugunsa. An yi ɗori, amma ƙafar hagu ba ta koma daidai ba, janta yake yi. Ya sayar da bijiman. Daga baya shugabar wata makarantar kwana da ke kusa da Gagarawa, Hajiya Rabi, ta ɗauke shi kula da fili, ta ba shi ɗaki a bakin ƙofa, ta danƙa masa injin nan. Shi bai taɓa ce masa inji ba, Ɗan Ja yake kiransa, sunan ɗaya daga cikin bijimansa.

Bayan mun gaisa na ja igiya, inji ya tashi a bugun farko, muryarsa garau. Na ce to ina matsalar? Ya ce tafiya ce ya daina. Direban, wanda bakinsa ba ya shiru, ya ce ai shi bai ga abin wahalar da kai ba, tunda yana yanka sai a samu wani ƙato ya riƙa turawa, kuma ma akwai wani saurayi da ya riga ya je ya yi wa Hajiya magana. Baba Ilu bai kalle shi ba. Sai da direban ya tafi shan shayi ya matso kusa da ni.

“Malam Sabo,” ya ce, “a wurin makaranta injin nan lafiyarsa lau. A wurina ne ya mutu. In yana tafiya, shi yake jana, ni dogara kawai nake yi da shi. In aka ce turi ne, ko daga nan zuwa bishiyar can ba zan kai ba. Kuma aikin da ɗakin tare suke.”

Nan na gane ba inji aka kawo mini ba, abincin mutum da makwancinsa aka ɗora mini a kan buhu.

Abu na farko, na cire wayar fulogi. Wannan ko barci kuke yi kada ku manta, domin wuƙar nan in ka juya ta da hannu tana iya tayar da injin, kuma na san mutumin da har ya mutu da yatsa uku yake cin tuwo. Na kwantar da shi ta gefen da kafireto zai kalli sama, na cire murfin ƙasa, na fara bin ƙarfin kamar yadda aka koya mini. Bel ya jiƙe sharkaf da mai, ya yi santsi, ya saki, fuli na juyawa a cikinsa ba ya ko kula shi. Wayar liba ta tsintsinke, saura ’yan silili. Da na cire tayoyin baya kuwa sai da na yi salati. Haƙoran cikinsu, waɗanda na roba ce mai tauri, sun cinye sun zama dasashi, ga wani baƙin kwaɓi cunkushe a ciki. Man da na gani bai ba ni mamaki ba. Mutane da yawa suna kwantar da injin nan ta gefen da bai dace ba, man cikinsa ya malalo ya ɓata ko’ina. Na ja wa Baba Ilu kunne a kan haka, ya ce to. Na tambaye shi ko yana kula da shi, ya ce ko ɗansa albarka.

Bel bai ba ni wahala ba. Na auna tsohon bel ɗin da igiya, na rage abin da ya saki, na zaga wurin masu kayan injin markaɗe har na samu wanda ya yi daidai, na haɗa da na ajiya. Waya kuma ta kulocin babur na yanka, na yi mata kai da walda. Tayoyi ne suka zama aiki. Na aika Kano aka duba aka ce babu. Ranar kasuwa na hau babur na tafi Maigatari wurin Issufu, wani mutumin Damagaram mai sayar da tsofaffin ƙarafa. Da na gaya masa abin da nake nema sai ya yi dariya, ya ce tun da ’yan duwan, wato kwastan, suka tsare hanya ko kamiyo ɗaya, wato babbar mota, bai sauke masa kaya ba, amma in ina da ƙarfin tono ga juji nan. Na tuɓe riga na shiga. Rana ta take, ƙarfe ya yi zafi har ba ya taɓuwa, ga kunamu. Can ƙarƙashin wasu ƙofofin firji na ci karo da gawar wani injin ciyawa, ba kai ba wuƙa, amma tayoyinsa na baya da haƙoransu cif. Na ƙirga haƙoran, na gwada da ’yar giyar da na zo da ita a aljihu, suka ciji juna kamar tare aka haife su. Issufu ya ce in riƙe su da kyau, don daga nan har Damagaram bai san inda wasu suke ba.

Da na haɗa komai aka dawo da Baba Ilu. Na tayar, na ce ya matse liba. Ɗan Ja ya zabura ya ja shi, suka bi gefen titi har wurin mai shayi suka dawo, tsohon yana dariya da sauran haƙoransa. Ya yi mini addu’a har sai da na ji kunya. Ni ma na ji daɗi, don a shekarar ba kullum ake gama aiki a ga ya yi kyau ba.

Wata bai ƙare ba direban nan ya biyo da saƙo. Wai injin ya fara cin gefe, in aka nufi gabas da shi sai ya karkata arewa, yana zagaye da tsohon a tsakiyar fili, ga shi kuma makarantar za ta karɓi baƙuncin wasannin makarantu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni dai na san aikin da na yi, kuma ba a saba dawo mini da gyara ba. Cin gefe yana nufin taya ɗaya ce ke ja, ɗayar ta saki. In kuwa haƙoran Issufu ne suka tafi, to magana ta ƙare. Na ce wa direban kada a kawo shi, ni zan zo in ga inda yake kwana da yadda yake tashi.

Washegari bayan asuba na ɗaure akwatin kayan aiki a bayan babur, na bi ta Gagarawa Tasha na saki titi. Na isa rana ta ɗan ɗaga, raɓa ba ta gama bushewa ba. Filin kuwa ciyawa ta kai gwiwa, kirikiri da tafasa, ga ƙarangiya ta fara fitar da kai. Na hango Baba Ilu a gindin wata darbejiya, ya miƙe ƙafar nan tasa, injin na gabansa. Bai ji zuwana ba. A hannunsa na hagu gwangwanin madara ne, a na dama tsinke mai tsumma a baki. Sai ya tsoma tsumman ya zura ta bayan taya ya shafe haƙoran, ya juya tayar ya ƙara, ya koma ɗaya gefen, sannan ya leƙa ƙasa ya lakuta wa bel. Yana yi yana magana da shi ƙasa-ƙasa, irin yadda ake lallashin dabba kafin a ɗaura mata kaya.

Baƙin mai ne, wanda ake juyewa daga mota. Wallahi da ɗayanku ne na kama yana wannan aiki, da sai ya kwana yana jin kunnensa. Maganar ta zo mini har baki. Amma mutumin sa’an ubana ne, kuma ban taɓa ganin ana lalata abu da ƙauna irin wannan ba. Na haɗiye, na yi sallama, muka gaisa, na tsuguna na tambaye shi abin da yake yi kamar ban sani ba.

Da alfahari ya ba ni amsa. Ya ce duk shekarun da ya yi yana korar amalanke bai taɓa fita da safe bai shafa wa ƙarfen taya mai ba. Amalanken wasu tun daga nesa ake jin kukansu, nasa kuwa sai dai a ga ya iso. Ya ce duk abin da ke juyawa yana ɗaukar nauyin mutum, haƙƙinsa ne a ba shi mai kafin a sa shi aiki, kuma shi da kansa yake zuwa tasha wurin masu juyen mai ya roƙo. Tun da na gyara ma ya ƙara yawan shafawar, don kada wahalata ta tafi a banza.

Ban yi masa musu ba. Na cire tayar hagu, na lakato baƙin kwaɓin da ke ciki, na ɗora a kan murfin kwanon shansa mai sheƙi, na ce ya sa babban yatsa ya murza. Ya murza. Na ga fuskarsa ta canza tun kafin ya ɗaga yatsan, don ya ji ƙasar a ciki. Da ya goge wurin da gefen riga, murfin ya yi zane-zane, kamar tukunyar da aka dirje da toka da yashi. Sannan na yi masa bayani a hankali. Ƙarfen amalanke kauri gare shi, yana can sama da ƙasa, kuma tafiyar shanu yake yi. Wannan kuwa haƙoransa a buɗe suke, tazararsu da ƙasa ba ta fi tafin hannu ba, ga wuƙa tana hura musu yashi tun safe har azahar. Busasshen haƙori yashi zai taɓa shi ya zube. Mai maiƙo kuwa riƙe shi zai yi, ya yi ta niƙa kansa da shi. Bel kuma da kamu yake aiki, in ya yi santsi ya tashi daga aiki.

Ya daɗe yana kallon murfin. Sannan ya ce, “Ashe ni nake kashe shi.” Ya fara laluben sandarsa, wai zai je ya gaya wa Hajiya da bakinsa, ta ba wanda ya iya aikin. Na ji tausayinsa har cikin raina. Na ce ya zauna, ni ban gama dubawa ba.

Muna cikin haka Hajiya Rabi ta iso, don an gaya mata na zo. Mace ce mai magana a fili. Ta ce ita ba ta son rabuwa da Baba, amma yara ne za su yi gudu a filin nan, da yawansu ba takalmi, ga ƙarangiya, kuma a makon nan an kashe kububuwa a kusa da ragar ƙwallo. In har injin ba zai yi tafiya kafin ranar wasa ba, dole ta ba mai turawa, kuma makarantar ba ta da halin riƙe mutum biyu a aiki ɗaya. Ta tambaye ni mene ne ya same shi. Na ce, “Yashi ne, ranki ya daɗe.” Ban yi ƙarya ba, kuma ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Na shimfiɗa buhu a gindin darbejiyar na kwance komai, na wanke da kalanzir. Allah ya taimake mu, haƙoran tayoyin sun ɗan ci amma da sauran rai a jikinsu. Laifin yana cikin ’yar giyar hagu. Sakatar ta goge ta zama kamar ƙwayar wake, ba ta da bakin da za ta kama, sifirin ɗinta kuma ya karye a cikin kwaɓi. Wannan ba a Maigatari ba, ko ina za ka je ba za a sayar maka da ita ita kaɗai ba. Na zazzage akwatina na samu wata karyayyar sifana, ƙarfe mai kyau, na yanko ɗan guntu da zarto. Na ajiye sakatar dama a gabana ina kallo, na riƙe guntun da filaya a kan wani dutse, na sa magagarin Malam Buba. In goga, in gwada, in cire, in ƙara gogawa. Idan ta yi girma za ta maƙale, injin ya ƙi ja da baya. Idan ta yi ƙanƙanta za ta zame. Gumi yana ɗiga daga hancina a kan dutsen. Sai wajen azahar sabuwar sakatar ta shiga raminta ta zauna, tana motsi ba tare da ta yi lako-lako ba.

Saura a ba ta tauri, in ba haka ba kwana kaɗan za ta goge. Muka je madafar makaranta, masu girki suka ba mu garwashi, ɗayarsu ta riƙa fifita mana da faifai. Na tura sakatar a ciki har ta yi ja kamar tattasai. Sai na ce wa Baba Ilu ya miƙo mini gwangwaninsa. Ya dube ni, yana zaton ba’a nake yi masa. Na ce da gaske nake. Na ɗauko ta da filaya na tsoma a cikin baƙin man, ya yi cuu, hayaƙi ya tashi. Na gaya masa da a ruwa na sa ta, da ta yi tauri irin na kwalba, bugu ɗaya ta fashe. Mai ne ke ba ta tauri ya bar mata juriya. Na ce, “Ka ga inda manka yake da aiki, Baba. Yau ba don shi ba da ban san yadda zan yi ba.” Nan ne ya ɗan saki fuska. Sifirin kuwa, Hajiya ce ta buɗe jakarta ta ba ni biro, na kwance shi na yanko na cikinsa daidai tsawo. Na sa bel ɗin ajiya da na zo da shi, na daidaita waya.

Amma na san gyaran bai ƙare ba. Hannun da ya shekara da shekaru yana shafa mai kowace safiya, in ka ce masa kawai ya daina, mako ɗaya zai yi ya koma. Dole a ba shi abin yi. Sai na tuna yadda Malam Buba yake yi wa kwaɗon da ya cije, ya goga masa bakin fensir ya buɗe. Na tambayi Baba Ilu ko yana tsintar guntayen fensir in yana shara a gaban azuzuwa. Ya ce har tara su yake yi a wata leda, don bai iya ganin abu ya lalace ba. Ya kawo. Muka tsaga, muka zaro baƙin cikin, na sa shi ya niƙe a kan dutse da bayan cokali har ya yi laushi. Na ce ya murza a yatsa. Ya ce santsi gare shi, kuma a bushe. Na ce to daga yau ga abincin Ɗan Ja. Kowace safiya ya fara kakkaɓe haƙoran da tsohon buroshi, sannan ya sa gashin kaza ya barbaɗa musu garin nan. Bel kuwa ko da hannun da ya ci ƙosai kada ya taɓa shi.

Shi ya yi barbaɗen farko da kansa, da bismillarsa. Na mayar da wayar fulogi, na ja igiya, na matsa gefe. Ya dafa, ya yi irin ƙyaccin nan da ake yi wa shanu in za su tashi, ya matse liba. Ɗan Ja ya shiga ciyawa ya ja shi. Na tsaya a bayansu ina auna su da sandar raga ta can ƙarshen fili. Ba su karkata ba ko kaɗan, layin ya fita sak kamar kunyar da gwanin huɗa ya ja. Da suka kai ƙarshe ya saki liba ya ja shi baya zai yi kwana, tun daga inda nake na ji sakatata tana ƙas-ƙas-ƙas tana sakin giya, sannan ta sake kamawa suka juyo. A duk shekarun da na yi ina gyara, da manyan janareto da na tayar, ban taɓa jin daɗin ƙarar wani ƙarfe kamar wannan ba. Hajiya ta kalli layin, ta kalli tsohon, ta ce a gaya wa saurayin nan ya nemi wani wurin.

Ranar wasa ta aiko aka ɗauke ni. Filin ya kwanta lif. Yara suka yi ta gudu ba takalmi, ban ga wanda ya tsaya cire ƙaya ba. Ciyawar da aka yanke ma ba ta tafi a banza ba, Fulanin da ke bayan makarantar suka kwashe, suka aiko wa Baba da ƙwaryar nono. Shi kuwa yana gindin darbejiya cikin farar riga, injin na gefensa an goge shi tas, duk baƙon da ya wuce sai ya nuna masa ni ya ce ga likitan. Daga ranar labari ya bazu. Yanzu duk injin ciyawar da ke tsakanin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, in ya daina tafiya nan ake kawo shi, kuma kafin in taɓa noti ko ɗaya sai na tambaya wane ne yake riƙe shi, me yake yi kafin ya zo wannan aikin. Wanda ya fito daga amalanke, ko tura kura, ko gyaran keke, ba na jiran ya ba ni labari, ledar garin fensir nake fara miƙa masa.

Bayan an yi girbi a wannan shekarar, wata ranar kasuwa, sai ga Baba Ilu ya shigo garejin nan yana jan ƙafa, da wani abu a naɗe cikin leda. Na ɗauka wani gyaran ne. Ya ce lafiya lau, Ɗan Ja yana gaishe ni. Ya kwance ledar, sai ga gwangwanin, da sauran mai a ciki da tsummansa.

“Malam Sabo, ajiye mini shi a wurinka,” ya ce. “In yana kusa da ni, hannun nan ba zai haƙura ba.”

Na karɓa na ɗora shi can sama inda kuke ganinsa. An buɗe boda, kaya sun dawo kasuwa, na ma saya masa sababbin tayoyi na ajiye saboda ko-ta-kwana. Suna nan a cikin ledarsu. Har yau na jujin Issufu ne a ƙarƙashin Ɗan Ja, kuma Baba Ilu bai zo karɓar gwangwaninsa ba.